Bakin Ruwa Ma Makaranta Ne

Mutanen ƙasashen da ke gaɓar teku suna da wata al'ada, watau idan ranar hutu ta zo sai maigida ya kwashi iyalinsa su tafi bakin ruwa su yini. Can za su sayi kifin da aka kamo a ranar su ci, yara su yi ta wasa cikin rairayi, manya kuwa su sami wuri su zauna da madubin hangen nesa, suna kallon tsuntsayen da ke kiwo a inda ruwa ya janye. A Ingila abin ya kai har akwai ƙungiya guda ta masu kula da tsuntsaye wadda 'yan cikinta sun fi mutum miliyan ɗaya.

Wanda ya ji wannan labari yana zaune a Funtuwa ko Malumfashi zai ce, "To, mu ina ruwanmu? Tsakaninmu da teku a Ikko tafiyar fiye da kilomita 800 ce, mu kuwa manoman masara da auduga ne." Amma ga abin mamaki. Da yawa daga cikin tsuntsayen nan da Turawa ke kashe kuɗi don su gani, da zarar sanyi ya matsa a can sai su taso su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su sauka a fadamunmu da madatsun ruwanmu, su yi kusan rabin shekara tare da mu. Ashe abin da waɗansu ke tafiya nema, mu har gida yake iske mu, sai dai ba mu ɗaga kai mun duba ba. Nufina a nan in nuna wa iyaye da malaman makaranta cewa yini guda a bakin ruwa, da ɗan guzuri da littafin rubutu, yana koya wa yaro abin da allo ba zai koya masa cikin wata guda ba, kuma idan ba a yi wannan koyarwa yanzu ba, nan gaba za a nemi abin nunawa a rasa.

Gaɓar da muke da ita

Ƙasar Sarkin Maska da ta Galadima ba su da teku, amma Allah bai hana su ruwa ba. Ga madatsar Mairuwa a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ga ta Gwaigwaye, ga kuma ta Malumfashi, ban da ƙananan tafkuna da fadamun Bakori da Danja da Ƙafur. Gulbin Sakkwato ma kansa daga kusa da Funtuwa ya samo asali, ya bi ta Gusau da Sakkwato da Argungu, ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta kai shi teku. Watau ruwan saman da ya sauka a gonakinmu, wani sashinsa can gaɓar teku yake ƙarewa.

Abin da ke kawo tsuntsaye bakin teku shi ne laka. Sau biyu a kowace rana ruwan teku kan janye ya bar fili mai danshi, cike da tsutsotsi da ƙananan katantanwa da ƙwari. Madatsunmu su ma haka suke yi, sai dai tasu janyewar ta shekara ce. Daga watan Oktoba, sa'ad da damina ta ɗauke, ruwa ya kan riƙa ja da baya kaɗan kaɗan har zuwa bazara, kowane mako yana buɗe sabuwar laka. Wannan ɗan zirin da ke tsakanin ruwa da tudu, wanda manomi ke gani kamar taɓo ne kawai, shi ne akushin baƙin nan. Saboda haka lokacin da ya fi kyau a je kallo shi ne daga Nuwamba zuwa Maris, watau cikin hunturu, wanda kuwa ya dace da hutun makaranta na ƙarshen shekara, an kuma kau da amfanin gona.

'Yan gida da baƙi

Wanda ya isa bakin ruwa zai fara da waɗanda ya sani. Ga balbela tana bin shanun da aka kawo shayarwa, tana tsince farin da ƙafafunsu suka tayar. Ga zalɓe tsaye cikin ruwa ba ya ko motsi, har ka ce icce ne aka kafa, sai ka ga ya sari kifi farat ɗaya. Ga kirinjijiya garke garke, masu farar fuska, da sun tashi sai su cika wuri da fito. Wani lokaci a ga dinya ko jinjimi. Zakaran ƙeƙuwa kuwa shi ne ɗan doka na wurin, don ba mai matsowa bai yi masa kururuwa ya tona asirinsa ga sauran ba. Akwai kuma wani mai jajayen fuka-fuki da dogayen yatsu, wanda ke tafiya a bisa ganyen bado ba ya nutsewa. Shi wannan, namijin ne ke kwanci a kan ƙwai, shi ke renon 'ya'ya, har ya kan ɗauke su a ƙarƙashin fiffikensa ya gudu da su in ya ga haɗari.

Sai kuma baƙi. Su ba su da ado, yawancinsu masu ruwan ƙasa ne da farin ciki da siraran ƙafafu, shi ya sa ido ke wuce su. Amma a zauna a natsu a duba. Akwai wanda ba ya iya tsayawa bai rausaya gindinsa sama da ƙasa ba, in ya tashi kuma sai ya bi dab da fuskar ruwa yana karkaɗa fuka-fuki. Akwai mai ɗigo-ɗigon fari a baya, akwai babba mai korayen ƙafafu da baki ɗan karkace sama. Akwai wanda mutanen Ingila ke kira raf, wanda namijinsa ya fi macen girma ƙwarai. A nan riga mara ado yake sawa, amma da ya koma gida lokacin aure sai gashi ya tsiro masa kewaye da wuya kamar wanda ya sha naɗi, mazan su taru a fili guda suna fankama a gaban matan. Ƙaraminsu duka bai kai nauyin ƙwan kaza ba, ga shi kuwa a can ƙarshen arewacin Rasha da Norwe, bakin tekun ƙanƙara, aka ƙyanƙyashe shi.

Malami ya sa yara su lura da bakunansu. Mai gajeren baki tsintar abinci yake yi a saman laka. Mai matsakaici ya kan soka kaɗan. Mai dogon baki da dogayen ƙafafu shi ke shiga cikin ruwa ya lalubo abin da ke can ƙasa. Da haka iri biyar ko shida za su yi kiwo a wuri ɗaya ba wanda ya ci rabon wani.

Kada kuma a manta da shamuwa, ko da yake ba za a gan ta a hunturu ba. Ita tata tafiyar ta saɓa da ta baƙin Turai. Tana zuwa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta yi 'ya'ya, sa'an nan da kaka ta nufi gabashi da kudancin Afirka inda ruwa ke sauka a lokacin. Kakanninmu sun daɗe da sanin cewa zuwanta alamar gyaran gona ce, ba su kuma yarda yaro ya jefe ta ba. Wannan ilmi ne, kuma a kansa ya kamata a ɗora na makaranta.

Yadda aka gano hanyarsu

Su Turawa ma ba da wuri suka san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Har masanansu sun taɓa ɗauka cewa waɗansu cikin taɓon tafki suke shigewa su yi barci sai sanyi ya wuce. Ana nan a cikin 1822, kusa da wani gari mai suna Klutz a arewacin Jamus, aka harbo wata babbar farar shamuwa, sai ga kibiya ta Afirka mai tsawon kusan santimita 80 soke a wuyanta. Watau wani maharbi ne ya same ta a nan nahiyarmu, ba ta mutu ba, ta tashi da kibiyar har Jamus. Tana nan ajiye a Jami'ar Rostok har yau.

Wanda ya kawo dabarar da ta warware sauran maganar malamin makaranta ne, ɗan ƙasar Denmak, sunansa Mortensen. A cikin 1899 ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben gorar-ruwa a ƙafa, mai lamba da adireshi, don duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa ya aiko da labari. Yau ana yin haka ko'ina a duniya, har an kai ga ɗaura musu 'yar na'ura mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam. Saboda haka wanda ya ga zobe a ƙafar tsuntsu, kada ya ɗauka sihiri ne ko leƙen asiri. Ya rubuta lambar da ranar da wurin, ya kai wa malamin makaranta ko ma'aikacin gandun daji. A Laminga, kusa da Jos, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda 'ya'yan ƙasar nan ke koyon wannan aiki har su sami babban digiri.

Da wannan bincike aka gane cewa kafin su ƙetare Sahara, tafiyar da ta fi kilomita 1,500 ba ruwa ba abinci, sai sun yi makonni suna ci suna tara kitse, waɗansu ƙananan har nauyinsu kan kusa ninkawa. Kitsen nan shi ne guzurinsu, kuma a ƙasarmu suke tara shi cikin Maris da Afrilu. In sun rasa abinci a nan, sai su faɗi a hamada. An ga shaidar haka a cikin 1969, sa'ad da mutanen Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsun daji mai farin maƙogwaro ya ragu da wajen kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka iske farin da ya fara a ƙasashenmu na bakin Sahara ne ya kashe su, farin nan da ya ci gaba har ya kai ga yunwar 1973 wadda dattawanmu ba su manta ba. Ashe masifar da ta bushe rijiyarmu, har a gonakin Ingila an ji ta.

Abincin bakin ruwa

Ba a kallo da yunwa, kuma rabin daɗin wannan fita yana ga abin da za a ci. Da hantsi masunta kan fito da kwale-kwalensu, sun ɗebe taru da ƙugiyoyin da suka kwana cikin ruwa. Tarwaɗa da karfasa su ne suka fi yawa. A sayi tarwaɗa tana motsi, a wanke ta da toka ko lemun tsami don santsin ya fita, a tsaga, a shafe ta da yajin ƙuli-ƙuli mai citta da masoro da kanumfari, a ɗora bisa garwashi ana juyawa ana ɗiga man gyaɗa. Karfasa kuwa suya ta fi karɓa, har ƙayar gefenta ta yi ƙarau. A yanka albasa da tumatir da aka tsinko daga lambun da ke nan gefe, a haɗa da gurasa ko dafaffen rogo. Wanda ya ci wannan a inuwa, iskar ruwa na busa shi, ba zai yi kwaɗayin abincin wani babban hotal ba.

Hunturu kuwa lokacin yalwa ne a ƙasar nan. Ga rake daga fadamu, ga mazarƙwaila sabuwar dahuwa, ga dankali da za a binne cikin rushi ya nuna kafin a gama gashin kifi, ga gyaɗa sabuwa. Iyaye mata su ƙullo kwaɗon zogale ko dambu daga gida. In an yi sa'a matan Fulani sun biyo da ƙwarya, sai a dama fura da nono a kora.

A nan ma akwai karatu. Malami ya tambayi yara, me karfasa ke ci? Gansakuka da ƙananan halittun ruwa. Me tarwaɗa ke ci? Tsutsa da ƙwari da ƙananan kifaye. Me zalɓe ke ci? Kifin nan da ke gabanmu. Da sun bi wannan silsila za su gane da kansu cewa mu da tsuntsayen nan ƙwarya ɗaya muke sa hannu, duk abin da aka zuba cikin ruwan nan kuma, ƙarshensa cikinmu zai komo.

Yadda za a tsara yinin

A tashi bayan sallar asuba, don da sassafe tsuntsaye suka fi kiwo. Kada yaran su wuce ashirin ga malamai biyu, in aji ya fi haka a raba shi. A sa tufafi marasa ƙyalli. In an isa a zauna nesa kaɗan, rana tana bayan masu kallo, a yi shiru. Tsuntsu ya fi tsoron mai tsaye da mai nuni da hannu bisa ga wanda ya zauna. Bayan kamar minti goma za a ga sun saki jiki sun matso. Madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne ya isa a riƙa karɓa-karɓa, in babu kuma ido ma ya wadatar.

Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir. Ya zana abin da ya gani ko da zanen bai yi kyau ba, ya rubuta girmansa, ko ya kai kurciya ko tantabara ko kaza, da launin ƙafa, da tsawon baki, da abin da yake yi. A koya musu ƙirgar garke, watau a ƙirga goma a ga faɗin wurin da suka ci, sa'an nan a riƙa aunawa da ido goma goma har ƙarshe. Haka masana ke yi a ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a ƙasashe da yawa kowane watan Janairu tun 1967.

Bayan azahar, an ci an sha, sai a nemi Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci a gaishe shi, a roƙe shi ya faɗa wa yara sunayen tsuntsayen da Hausa, da waɗanda ya sani da ƙuruciya amma yanzu ba ya gani. A rubuta duka. Sunaye da yawa suna nan a bakin tsofaffi kaɗai, ranar da suka kau kuwa sun tafi da su ke nan. Da la'asar a sake ɗan zama, sa'an nan a kama hanya a isa gida da sauran rana. Kashegari a buɗe taswira a aji, yara su bi da yatsa daga Funtuwa zuwa Agadas, su ƙetare hamada da Bahar Rum har Rasha. Ga lissafi, ga labarin ƙasa, ga Hausa, ga kiwon lafiya, duk a fita guda. Gani ya kori ji.

Abubuwan kiyayewa

Na farko, tsaro. Kowa ya san halin da kudancin Katsina ya shiga, musamman tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Kada malami ya fita da 'ya'yan mutane sai da yardar iyayensu da shugaban makaranta, da shawarar dagaci da hakimi da jami'an tsaro. In an ce hanya ba ta da kyau, a haƙura. Kududdufin bayan gari ma, in an je da sassafe, ba a rasa baƙo biyu ko uku a gefensa.

Na biyu, kada yaro ya shiga ruwa. Ban da haɗarin nutsewa, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma cikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu, ta fito ta huda fatar mai wanka, bayan 'yan makonni ya fara fitsarin jini. Likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Libaful sun yi dogon bincike a kanta a ƙasar Malumfashi cikin shekarun 1970, suka tarar ta fi kama yara maza masu iyo. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda waɗansu ke cewa. Cuta ce, maganinta kuwa yana asibiti. A tafi da ruwan sha daga gida.

Na uku, kada a taɓa mataccen tsuntsu. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya a cikin 2006, ta kuma sha dawowa. In an ga sun mutu da yawa a wuri guda, a sanar da malamin dabbobi. Na huɗu, danƙo ya zauna a gida, leda da kwalba kuma a komo da su.

Darasin gauraka

Dattawa za su ba da shaida cewa a dā gauraka ba abin nema ba ne a fadamun ƙasar Hausa, ana jin kukansa tun daga nesa. Shi ake kira tsuntsun ƙasa na Nijeriya. Yau fa? Kamu don sayarwa ga masu ajiye shi a gida, da bushewar fadamu, sun kusa ƙarar da shi daga dajin ƙasar nan baki ɗaya. Yaro ɗan shekara goma sha biyar a Funtuwa sai dai ya gan shi a hoto. Ba rana ɗaya ya ɓace ba. Kaɗan kaɗan ya riƙa raguwa, ba mai ƙirgawa, har aka wayi gari babu.

Babban masaukin tsuntsayen ruwa a Arewa, watau fadamar Haɗeja da Nguru, shi ma ya ga canji. Can ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya je kallo a Dagona cikin 1989, kuma a cikin 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa bisa yarjejeniyar Ramsar ta 1971. Duk da haka, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamar ta sauya, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. To, in manyan masaukai sun ƙuntata, ƙananan irin namu sai darajarsu ta ƙaru.

Abin da ake roƙo ba mai yawa ba ne. Mai lambu ya bar 'yan taku kaɗan tsakanin kunyarsa da ruwa, kada kuma ya wanke tulun feshi a cikin dam. Masunci ya guji kamun kifi da guba irin su gamalin, wanda tun 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin magungunan da aka hana, domin yana kashe kifi da 'ya'yansa, ya kashe tsuntsun da ya ci, ya kuma cuci wanda ya saya. Manomi ya rarrabe tsakanin jan-baki mai cinye gero da dawa, da waɗannan da ba ruwansu da zangarniya, tsutsa da ƙwari kawai suke nema. Sarakunan ruwa da masu unguwa su sa ido, don maganarsu ta fi ta takarda shiga kunne.

Mu kuwa malamai, namu aikin shi ne yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya taɓa zama ya ƙirga tsuntsaye, ya san wannan daga Rasha ya zo, wancan kuma ɗan gida ne, da wuya ya girma ya zuba guba a ruwa. Kowace makaranta ta ajiye littafi guda, a riƙa rubuta ƙidayar kowace shekara da ranar da shamuwa ta fara sauka a gari. Bayan shekara goma littafin nan zai faɗi abin da ba wanda ya sani yanzu game da ƙasarmu. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Waɗannan baƙi da watan Afrilu za su tashi, dawowarsu baɗi kuwa ta rataya ga irin masaukin da muka ba su bana. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.